Yaɓen ƙasa da makuba: yadda muka gyara wani tsohon gida a birnin Zariya

Shekara 19 ke nan ina sana'ar gini, kuma yanzu ina riƙe da ɗan kamfani mai ma'aikata 7 wanda yawancin aikinsa gyaran tsofaffin gidajen ƙasa ne. Abin da ya fi kawo mana aiki shi ne simintin da ake shafe bangon ƙasa da shi da niyyar kare shi daga ruwa.

Bara bayan kaka wani magidanci ya kira mu gidan da ya gada a cikin ganuwa, mai zaure na ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai tuluwa da aka ɗora kan bakuna, da soraye biyu. Mahaifinsa ne ya sa aka yi wa bangon filasta. Da na ƙwanƙwasa shi sai ya amsa kamar ƙwarya, da muka ɓamɓare kuwa sai muka tarar ƙasar ciki ta yi laushi har yatsa na shiga, kanwa ta ci gindin bangon. Dalilin shi ne, bangon ƙasa yakan sha laima da damina ya fitar da ita da rani, siminti kuma yakan toshe wannan hanyar. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga ke nan ba mafita.

Daga sama muka fara, domin yaɓe a ƙarƙashin rufi mai yoyo asarar ƙarfi ne. Mun sauya azara huɗu da suka ruɓe, muka tsawaita indararo yadda ruwa zai zuba nesa da gini, muka cike gindin bangon da sabon tubali, sannan muka bar shi mako uku ya sha iska.

Kwaɓi shi ne ran aikin. Tsohuwar ƙasar da ta zubo ba ma zubar da ita, mukan haɗa ta da jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, yara su tattake da ƙafa, a rufe a bar shi kamar mako guda ana yayyafa ruwa har ya ruɓa ya yi danƙo. Kafin a taɓa bango sai na sa an yi gwaji uku, kowanne faɗin faifai: wanda ya tsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ya zube da shafar hannu yashi ya rinjaye shi. Ana jiƙa bango, a jefa kwaɓin da hannu, a bi shi da tafi, shafi ɗaya ya bushe kafin a ɗora na biyu. Na taɓa yin gaggawa na yaɓa da kauri cikin hunturu, washegari na tarar da bangon ya farfashe kamar busasshiyar fadama, kuma daga aljihuna na biya gyaran.

Shafin ƙarshe na makuba ne, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa, shi ke ba bango wannan ja mai duhu, ya kuma sa ruwa ya zame. Saman rufi da zankwaye laso muke yi musu, haɗin katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar marina, da gashin awaki daga majema da dafara, wani tsiro mai yaɗo da ake samun danƙo daga saiwarsa. Katsi ya yi wuya tun da marinai suka ragu, wani lokaci sai mun je Kano nemansa. Da ire-iren waɗannan kayan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, saboda haka ba sabon abu muka ƙirƙiro ba.

Ana cikin aiki maigidan ya ce mini, "Malam, ko buhu ɗaya ba za a zuba ba don ya yi ƙwari?" Na ce, "Alhaji, buhun nan shi ya kawo mu gidanka." Ban kuma ɓoye masa ba cewa yaɓen ƙasa yana son dubawa kafin kowace damina, da sabuntawa bayan 'yan shekaru, wanda ba zai iya wannan ɗawainiyar ba gara ya yi ginin bulo tun farko.

A fuskar zauren, ƙarƙashin filastar, mun sami zanen dagi da rabinsa ya lalace, babban maginina ya bi sawun ragowar da yatsa ya mayar da shi. Damina ta wuce ba a ga laima a zauren ba, yanzu Alhaji ya ba mu soron ciki, za mu fara ɓamɓara a watan Janairu.