Mu dai sai yadda sakula (takardar umarnin gwamnati) ta ce

Jiya muna cikin keke napep daga sakatariya zuwa Kawo a nan Kaduna, ƙanena da ya gama bautar ƙasa yake ce min wai Yaya ai ku kun huta, ba mai takura muku, wata na ƙarewa alat ya shigo. Dariya kawai na yi.

Shekarata 14 a aikin gwamnati, amma wallahi in aka ce in faɗi abu ɗaya da na taɓa zaɓa da kaina sai na yi dogon tunani. Ranar barin aikin ma a rubuce take, shekara 35 kana aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Ƙarin girma a matakinmu duk shekara uku ne a ƙa'ida, ka zauna jarrabawa ka ci, takarda ta fito, amma kafin kuɗin su hau albashi sai ka yi ta bin fayil tebur-tebur, masinja ya ce yana gun oga, oga kuma ya shiga mitin, ka dawo gobe.

Tun 2017 da aka sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, sai kuma sallamar ma'aikata ta 2021 da ta jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu har garin nan ya kwana ba wuta, ba ma'aikacin da zai ji an ce "tantancewa" gabansa bai faɗi ba. Ni har yau takarduna na asali suna cikin leda ɗaya a ƙasan akwati, ko tsakar dare aka kira a shirye nake.

Ko abin alheri ma haka yake sauko mana. A Disambar 2021 aka mayar da aiki kwana huɗu a mako, na ji daɗi ba ƙarya, Juma'a nakan leƙa 'yan kajina, to amma wa ya tambaye mu? A rediyo muka ji kamar kowa, kuma gobe in an ga dama a rediyon za a soke.

Wanda teburinsa ke kusa da nawa ranar Litinin ya biya wa yaransa kuɗin makaranta, Laraba ya tarar da sunansa a allon sanarwa, an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa. Bai ce uffan ba, ya naɗe dardumarsa ya saka a jaka.

Da muka sauka a Kawo ƙanen nawa ya ce don Allah in an fara ɗaukar ma'aikata in sanar da shi. Na ce ya kawo min takardunsa da daddare.