Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ɗanyen Kwal na Lausitz

A shekarata ta biyu a makarantar haƙar ma'adinai ta Freiberg, wadda aka kafa tun 1765, aka tura mu koyon aiki a yankin Lausitz na Jamus ta Gabas. A ranar farko wani dattijon ma'aikaci ya gaishe ni da "Glück auf", gaisuwar mahaƙa, sannan ya danƙa mini wani dunƙulen ɗanyen kwal mai launin ƙasa-ƙasa, ya ce in matse. Na matse, sai ya marmashe ya bar danshi a tafina, har ina ganin zaren itacen da ya ruɓe ya zama shi. Fiye da rabin nauyinsa ruwa ne, shi ya sa ake kafa tashar lantarki a kusa da ramin da ake haƙo shi, domin jigilarsa zuwa nesa asara ce.

A tsakiyar shekarun 1980 Jamus ta Gabas tana haƙo sama da tan miliyan 300 na wannan kwal a shekara, abin da babu ƙasar da ta kai. Ba a shiga ƙarƙashin ƙasa. Ana zuƙe ruwan yankin da famfuna, a yaye ƙasar sama da manyan injuna, kwal ɗin ya fito fili. A masana'antar Schwarze Pumpe na ga yadda ake busar da shi, a matse shi ya zama ƙananan tubala na hura murhu, a kuma fitar da iskar gas daga cikinsa. Da tubalan nan muke ɗumama ɗakinmu, kuma warin hayaƙinsu yakan kama riga ya ƙi fita.

Ruwan da ke cikin kwal ɗin shi ne babbar matsalarsa. Ma'aikata sun ba ni labarin hunturun 1978 zuwa 1979, lokacin da kwal ya daskare a cikin taragu, wuta ta ɗauke a garuruwa, har aka kawo sojoji suna fasa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙauyukan 'yan ƙabilar Sorb da aka tasa domin faɗaɗa ramuka. Wata tsohuwa da aka mayar da ita gidan bene ta faɗa mini karin maganarsu, cewa Allah ne ya halicci Lausitz, Shaiɗan kuma ya binne kwal a ƙarƙashinta. Ta nuna mini tsakiyar ramin da yatsa, ta ce a can mijinta ya dasa itacen tuffa.