Ta Ina Mace Za Ta Fara Karanta Mujallun Zane Na Jarumai?

Abin da ya fi korar sabuwar mai karatu shi ne lambobin da ake sa wa kowace fitowar mujalla. Kamfanonin Marvel da DC na Amurka suna fitar da labari gutsure-gutsure, kowace fitowa wajen shafi 20, galibi sau ɗaya a wata. Daga baya sai a tattara fitowa 5 ko 6 a littafi guda. Wannan haɗaɗɗen shi ya kamata ki saya, domin labarin yana da farko da ƙarshe, kuma ya fi araha.

Ki duba Ms. Marvel. Jarumar labarin, Kamala Khan, Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City, ta samu mujallarta a 2014, G. Willow Wilson ce marubuciya, Sana Amanat kuma edita. To amma a ƙarshen 2015 aka sake fara ƙirga daga lamba 1. Wadda ba ta duba shekara ba sai ta faɗa tsakiyar labari, ta rasa kansa. Kullum ki haɗa lamba da shekara da sunan marubuci.

Wonder Woman, jarumar kamfanin DC, tun 1941 take fitowa, kada ki ce sai kin faro daga can. Ki zaɓi inda sabon marubuci ya karɓi alƙalami.

Wajen ajiya kuma, sirarar mujalla ƙusar waya biyu ce ke riƙe ta, danshin damina na sa su tsatsa har su ɓata takarda. A sa ta a leda da kwali a baya, a jera a tsaye, nesa da rana.