Magabatan Ilimin Jima'i: Su Wa Suka Tambaya?

A Kano mun saba da mai tallar magani a mota da lasifika, yana rantsuwa cewa yawancin magidanta sanyi ko basir ya kassara su a shimfiɗa. Ba mai tambayarsa mutum nawa ya duba. Wannan tambaya kuwa ita ta fi ba magabatan fannin wahala.

Malaman Musulunci sun daɗe da taɓa batun, Ibn Sina ya yi bayanin raunin mazakuta da maganinsa. Amma a ƙarni na 19 likitocin Turai suka ware shi a matsayin fanni. A 1886 Richard von Krafft-Ebing, Bajamushe likitan ƙwaƙwalwa, ya fitar da littafinsa kan jima'i, ya rubuta wuraren da suka yi nauyi da Latin don kada gama-gari su karanta. Matsalar aikinsa daga tushe take. Mutanen da ya fara tattara labarinsu masu taɓin hankali ne da waɗanda kotu ta turo masa, shi ya sa duk inda ya juya cuta yake gani.

Havelock Ellis na Ingila ya gyara wannan, ya karɓi labaran masu lafiya. A 1898 kotu a Landan ta ce littafinsa batsa ne, dole ya mayar da bugawa Amurka. Magnus Hirschfeld ya buɗe cibiyar binciken jima'i a birnin Balin na Jamus a 1919, yana ba mutane takarda mai tambayoyi sama da 100, har 'yan Nazi suka ƙona littattafanta a watan Mayun 1933.

Wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce Clelia Mosher ta Amurka. Daga 1892 ta tambayi matan aure 45, a zamanin da likitoci da dama ke cewa mace ta gari ba ta da sha'awa. Mafi yawansu suka ce suna da ita. Takardun suka kwanta a ma'ajiyar jami'ar Stanford, sai a shekarun 1970 aka tono su. Ita ma da sauran rina a kaba, galibin matan 'yan boko ne masu rufin asiri.

Ko Alfred Kinsey, wanda shi da abokan aikinsa suka yi hira da maza kusan 5,300 kafin rahotonsa na 1948, bai tsira ba. Masu kawo kansu ya tambaya, fursunoni kuma sun yi yawa a ciki, don haka masana ƙididdiga suka ce alƙalumansa ba su wakilci Amurkawa duka ba.