Kuloci yana maƙalewa a ƙasa: yadda na sauke giyabos a banza

Da safe babu abin da yake yi. Sai mota ta yi zafi, an shiga cunkoson hanyar Nyanya zuwa AYA a Abuja, ana taka kuloci ana saki sau babu adadi, sannan fedar ta fara nauyin dawowa. Ka ɗaga ƙafa, ita kuma ta biyo a hankali, wani lokaci ta tsaya a rabi sai ka sa yatsan ƙafa ka ɗago ta. A tudun Kugbo har ƙauri na fara ji, inji yana ƙara amma mota ba ta ja yadda ya kamata.

Wannan ƙaurin shi ya ruɗe ni. Na kai ta Apo, bakanike ya shinshina, ya ce: "Oga, filet da dis ne sun ƙare." Dis shi ne faifan da ke kai ƙarfin inji zuwa giyabos, filet kuma shi ke matse shi. Na yarda nan take, ban ce a gwada komai ba. Aka sauke giyabos, aka sa sabon filet, sabon dis, sabon boris ɗin da ke danna filet. Kwana biyu mota tana can. Da aka fito da tsofaffin na ga dis ɗin da sauran namansa, sai ɗan baƙin zafi a fuskar filet, amma na yi shiru tunda an riga an buɗe. Kwana uku bayan nan, a hanya ɗaya, feda ta sake maƙalewa.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne gwajin da ya gano matsalar bai kai minti goma ba, kuma sifana ɗaya ce kawai ake buƙata.

Motar tsohuwar Toyota ce mai giyar hannu, kulocinta da man birki yake aiki, tankinsa daban da na birki, kuma kulocin ƙasa, wato ƙaramar silindar da mai ke turawa ta danna kuloci, yana waje a jikin giyabos inda ido ke ganinsa. A irin wannan tsari, ba sifirin ɗin feda kaɗai ke dawo da ita ba. Ƙarfin filet ne ke tura fok, ƙarfen da ke tsakaninsa da kulocin ƙasa, baya, fok ya tura fistin na kulocin ƙasa, mai ya koma sama ta tiyo, ya ɗago feda. Saboda haka duk abin da ya tare wa mai hanyar komawa, feda za ta yi jinkiri, kuma filet ba zai kama dis sosai ba. Daga nan ne zamewa da ƙauri suke fitowa, alhali filet ɗin lafiyarsa ƙalau.

Na fara daga cikin mota, na cire fin ɗin da ya haɗa feda da sandar kulocin sama, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai ƙasa, na motsa fedar da hannu. Tana tafiya sumul, bushin bai ci ba, sifirin bai karye ba, kafet bai tare ta ba. Na mayar. Na shafa bangon da sandar ta ratsa, a bushe yake, ke nan kulocin sama ba ya yoyo ta baya. Na janye robar kulocin ƙasa, nan ma babu jiƙa.

Sai ainihin gwajin, kuma dole a yi shi mota da zafi, lokacin da cutar ta tashi. Na sa ƙanena ya yi ta takawa har feda ta maƙale, ya cire ƙafa, ni kuma ina kallon fok. Fok bai koma ba, yana nan a ture. Wannan kaɗai ya raba hanya biyu: da a ce fok ya koma amma feda na kwance a ƙasa, to iska ce a layi ko robar kulocin sama ce take barin mai ya zille ta gefenta. Tunda bai koma ba, ko dai mai ne ya ƙi komawa, ko wani ƙarfe ne ya cije.

Na sassauta notin bututu a bakin kulocin sama, mai lamba 10, da tsumma a ƙarƙashi saboda man birki yana cin fenti. Ɗan ɗigo kawai ya fito, fok bai motsa ba. Na ɗaure. Na sauka ƙasa na buɗe nipul ɗin fitar da iska na kulocin ƙasa kamar kwata na juyi. Mai ya yi tsartuwa, fok ya koma baya a take. Ka ga an gama magana: babu matsi a sama, akwai matsi a ƙasa, to abin da ke tsakaninsu ne, wato tiyon roba. Da fok ya saki tun a notin sama, sai in zargi kulocin sama, ko ramin da mai ke komawa tanki ya toshe, ko an ɗaure sandar feda fiye da kima har fistin ba ya komawa ƙarshe. Da kuma an buɗe nipul ɗin fok bai motsa ba, sai a kwance kulocin ƙasa a ga ko fistinsa ne ya cije. In ba shi ba ne, a nan ne kawai sauke giyabos yake da hujja. Ni kuwa daga ƙarshen layi na fara.

Tiyon a ido ba shi da aibi, ba tsagewa, ba kumburi. Da na cire na hura da baki, iska da ƙyar take wucewa. Na yanka shi biyu, cikinsa ya kumbura ya yi laushi, ramin ya tsuke kamar na allura. Ƙarfin ƙafa yana iya tura mai ta wannan rami, amma dawowarsa sai a hankali, kuma zafin inji yana ƙara matse shi.

Dalilin kumburin yana cikin tanki. Robar murfin ta buɗe ta yi faɗi har ba ta zama a mazauninta, man ya yi duhu da ɗan ja-ja. Na zuƙo kaɗan da sirinji na ɗiga a kofin ruwa. Man birki na gaskiya gauraya yake da ruwa, wannan kuwa wani sashe ya taso sama yana yawo kamar mai a miya. An taɓa ciko da man sitiyari ke nan. Robobin kuloci da na birki ba sa jure man da aka samo daga fetur, ko na sitiyari ne ko na inji, kumbura suke yi. Idan ka ga haka, kada ka tsaya a tiyo kaɗai. Na canza kulocin sama, kulocin ƙasa da tiyo gaba ɗaya, na wanke tanki da bututun ƙarfe da sabon man birki. Kada a sa fetur ko kananzir wajen wankin nan. Kuma tiyo sabo za ka saya, na Beljiyam ba ka san abin da cikinsa ya sha ba.

Mai kuwa, abin da aka rubuta a murfi shi za ka zuba, DOT 3 ko DOT 4, daga kwalba a rufe. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Man nan yana shan danshin iska: DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana sauka wajen 155, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Rabin lita ya ishe ni da wanki da ciko.

Wajen fitar da iska na sa tiyon ƙarin ruwa na asibiti a kan nipul, ɗaya bakin a cikin gora mai ɗan mai, don in riƙa ganin kumfa. Ƙanena ya taka a hankali sau huɗu, ya riƙe. In buɗe, in rufe, sannan in ce ya saki. Fedar za ta zauna a ƙasa, da hannu ake ɗago ta, wannan ba matsala ba ce. Abu biyu ne ke ɓata aikin: a saki feda kafin a rufe nipul, ko a bar tanki ya yi ƙasa ya ja iska. Tankin ƙarami ne, bayan kowane buɗewa uku nake ƙarawa. Da kumfa ta ƙare, na daidaita sandar feda yadda za ta sami wasa na milimita 1 zuwa 5 kafin ta taɓa fistin, wasan feda duka kuma tsakanin 5 da 15, kamar yadda Toyota ke bayarwa ga irin waɗannan motoci.

Mako uku ke nan ina bin Nyanya safe da yamma, feda tana biyo ƙafata. Tsohon filet da dis suna nan a but. Na nuna wa wani bakaniken daban, ya juya dis ɗin a hannu, ya ce wannan ai da sauran aiki a jikinsa.