Na je Anka na ga injin niƙan dutsen gwal

Jama'a na dawo Yauri lafiya, har yanzu ƙarar injin nan na cikin kunnena. Ta Daki Takwas muka bi, shingen bincike kam ba a magana, a wani wajen wani jami'i ya zazzage min jaka a ƙasa yana min tsawa wai me ya kawo ni, da na ce inji na zo gani sai ya ce ai duk haka kuke cewa. Ko sallamata bai amsa ba, abin ya min ciwo wallahi.

Amma mai masaukina ya wanke min zuciya. Dattijo ne, ina sauka ya ce "ɗiyana taho ka ci tuwo tukun, inji ba ya gudu", washegari da kansa ya kai ni bayan gari.

Injin wani ƙaton duro ne na ƙarfe a kwance, janareto na juya shi da bel. An zuba ƙwallayen ƙarfe sun ci wajen kashi ɗaya cikin uku na cikinsa, sai a zuba fasasshen dutse da ruwa a rufe. Yana juyawa ƙwallayen na hawa jikin duron suna rikitowa kan dutsen, manya su farfasa, ƙanana su laushe, har ya fito kamar kunu. Na ce wa yaron da ke kula da shi ya ƙara wuta mana a gama da wuri, ya ce a'a yaya, in gudun ya yi yawa ƙwallayen mannewa suke da bango su yi ta zagaye ba su daki komai ba, wajen kashi 75 cikin 100 na wannan gudun ake tsayawa. Ya miƙo min tsohuwar ƙwallo guda da ta cinye ta motse, mai nauyi, da ɗumi a tafin hannu.

Abin da ya fi burge ni babu ƙura. Mu a wajenmu sau da yawa a bushe ake niƙa, mutum ya fito fari fat. Kuma haka aka yi a can Zamfara, ana niƙa dutse cikin gidaje da injin hatsi, ashe dutsen cike yake da dalma, a 2010 gubar ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka gano. Ƙauyen Bagega ma sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Da na taɓo zancen, Baba mai masaukina shiru ya yi, ban ƙara ba.

To sai dai kuɗin niƙan, kai! Buhu ɗaya ya kusa ninka na injin bushe, sun ce man gas ne da sayen ƙwallaye da ɗibar ruwa. Na yarda, amma talakan da ya kwana a rami ina zai samu? Dole ya koma wa mai araha ya kwaso ƙura a riga ya kai wa 'ya'yansa gida. Gwamnati ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, ni a ganina irin wannan inji ya kamata ta tallafa a samu a kowane wajen wankin gwal, nesa da gidaje.

Kayan miya sun fi namu tsada, kifi kuwa kar ma a fara, ba su da shi. Dawowa ta Gummi muka tsaya sallah, direba ya ƙara kuɗin mota, muka biya.