Yadda muka raba ɗan intanet ɗin makaranta ya ishi kowa

Ina aiki a sashen ICT na wata jami'a a nan Arewa, kuma duk inda na gifta sai an tare ni, "Malam wai me ya sami wayfai ɗin nan ne?" Kowa gani yake ƙarin megabit (Mbps, ma'aunin saurin intanet) ne kawai maganin. To wallahi ba nan gizo ke saƙar ba.

Ka yi lissafi mana. Bidiyon YouTube na 720p yana cin wajen 2.5Mbps, kenan ko layin 100Mbps gare ku mutum 40 sun isa su shanye shi tas, alhali ɗalibai dubbai ne, ga malamai ga masu rajista a fotal. Da muka zauna muka duba giraf ɗin amfani da layi na rauta, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, sai muka ga 'yan tsiraru ne ke kwashe kusan komai, masu torrent da IDM (manhajojin jan manyan fayiloli), sai kuma laftof-laftof da ke jan Windows Update a ɓoye mai ita ma bai sani ba.

Toshe shafuka bai kai mu ko'ina ba, yara sun fi mu sanin VPN, manhajar da ke zagaye toshewa, kuma lakcarori da yawa a YouTube ɗin suke tura ɗalibai kallon darasi, to ka toshe ka cuci wa? Squid ma, manhajar ajiye kwafin shafuka don kada a sake jawo su daga intanet, da ake ta yabo a da, tunda shafuka suka koma HTTPS mai ɓoye bayanai abin da yake iya ajiyewa ya zama kaɗan.

Abin da ya yi mana aiki shi ne kowa ya shiga da lambar rajistarsa, muka sa tsarin rabo da ake kira PCQ a rautarmu ta MikroTik ta riƙa raba layin daidai tsakanin waɗanda ke kai a lokacin, in mutane sun ragu rabonka ya ƙaru da kansa. Fotal da laburare da ɗakin CBT muka ware musu nasu kason da ba mai taɓawa. Manyan dawunlod kuma sai bayan sha biyun dare, a nan muke sakin layin, za ka ga yara a barandar laburare da bargo lokacin hunturu suna jira.

Mafi wuya shi ne manya. Kowane ofis so yake a cire masa iyaka, sai da muka kai giraf ɗin gaban kwamiti aka rubuta doka aka sa hannu, sannan na samu bakin cewa "Ranka ya daɗe, ba ni na hana ba." Har yanzu in wuta ta ɗauke batiran inbata suka mutu, duk tsarin nan kwanciya yake yi, shi ya sa yanzu sola muke nema wa ɗakin saba, inda na'urorin suke.